Waɗanda Ba Su Kai Suna Ba

Minanata, Sakkwato
Farkon damina

Zuwa ga ɗiyata Khaula, a Ibadan.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya karatu, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai ƙafata ta hagu da ke taɓa ni in hadari ya taso.

Kafin in shiga maganar da ta sa na ɗauki biro, bari in tuna miki wanda ke rubuto miki. Ni ne na fara da dakon albasa a kasuwar Kara, buhu bisa kai, ba jari ba ubangida. A aji biyar na sakandare na tsaya, ko jarrabawar ma ni na kai kaina. Motata ta farko babu wanda ya tsaya mini, yau motocina na sauke albasa har garin da kike zaune. Na gina gidan ga na Minanata. Na kai tsohuwata Makka. Na haƙa wa ƙauyenmu Tungar Lawwali rijiyar burtsatse lokacin da ake rabon ruwa da shanu. Mahaifinki, yayana, Allah shi jiƙan shi, da yana raye shi zai ba ki labari. Sannan shekara huɗu da sunka wuce na gina wa Tunga ɗakin haihuwa, tun daga tubali har gado, na ɗauko Malama Sadiyatu, ungozoma mai takarda, na zaunar da ita can. Ban roƙi gwamnati ba, ban roƙi kowa ba.

To jiya bayan la'asar muna majalisa, Zulkifilu mai taya ya dube ni gaban mutane yac ce, "Alhaji, ashe ɗiyar taka ta auna ɗakinka, awon bai yi kyau ba?"

Nac ce, "Wane awo?"

Yac ce, "Au, ba a gaya maka ba? To ni ma ban ce komai ba."

Anka yi dariya. Ban yi ba.

Na bi diddigi. Ashe samarin da kinka sa suna zagayawa ƙauyuka bara, don karatunki na lissafin cututtuka, ɗayansu ne ya saki baki. Wai a takardarki an ce a ƙauye na ɗaya, cikin jarirai goma sha biyu ɗaya ba ya cika wata a duniya, a ƙauye na biyu kuwa sai cikin talatin. Kuma ko jaki ya san ƙauye na ɗaya Tunga ce, na biyu Gidan Kaya, inda ko mai yin allura babu. Wato garin da na gina wa ɗakin haihuwa ya fi garin da ba shi da komai rasa jarirai. Haka ne, Khaula?

Ba sunana kaɗai ke damuna ba, ko da yake shi ma ba abin wasa ba ne. Ranar da anka buɗe ɗakin ga, na miƙe gaban maigari da limami da mutanen gari nac ce, don kowa ya sakankance, ɗiyata ta cikina nan za ta yi haihuwarta ta fari. To ga shi lokaci ya yi. Ƙanwarki, matar Sirajo, cikinta ya shiga wata bakwai. Da ta taho goyon ciki ban bar ta Minanata ba, na tura ta Tunga gidanmu na gado ita da innarki Rahmatu, kamar yadda na yi alkawari. Tana can yanzu.

In na ɗauko ta, na rufe ɗakin da hannuna ke nan, don babu macen da za ta sake shiga inda mai ginin ya gudu da tashi ɗiyar. In na bar ta, kuma lissafinki gaskiya ne... ban iya ƙarasa rubuta wanga.

Kada ki kira ni a waya. Magana ta waya iska ce, kuma gidan ga kunnuwa sun yi yawa. Ki rubuto ki ba Auwalu direba in ya sauke kaya. Ina son abin da zan riƙe in karanta sau uku.

Baffanki,
Alhaji Maigandi Lawwali


Ibadan

Zuwa ga Baffa.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna Rahmatu da ƙanwata Wasila. Allah ya ƙara wa ƙafar sauƙi. Ni lafiyata ƙalau. Auwalu ya kawo mini takardarka da ƙullin kilishi, na gode.

Baffa, raina ya ɓaci da yadda maganar nan ta iso gare ka. Alƙaluman da ka ji ni na fitar da su, ba zan musa ba. Amma aikin bai ƙare ba, kuma tun kafin takardarka ta zo ni da malamina mun ƙi yarda da su. Bari in gaya maka dalili.

Da yaronka zai auno maka gero da tiya a rumbu ɗaya, ya auno da ƙaramin kwano a ɗayan, ya zo ya ce wannan ya fi wancan, da ka kore shi. To haka muka yi. A Tunga wajen Malama Sadiyatu muka ɗauki bayani, ita kuwa duk haihuwar da ta karɓa tana sane da ita, har wanda ya yi kuka ɗaya ya koma. A Gidan Kaya babu mai wannan aikin, sai samari suka bi gida-gida suna tambaya, 'ya'ya nawa aka haifa, nawa suka rasu. Mafi yawa ma a zaure suka tsaya, maigida ne ya amsa. Kai ka fi ni sani, jaririn da bai kai ranar suna ba, ba a sa shi cikin 'ya'ya. An ce ya koma, an rufe maganar. Balle in na fari ne. Kai ma Baffa, ko a takarda ba ka iya rubuta sunan Wasila, sai "ƙanwarki". Yaya matar ƙauye za ta zauna ta ba saurayi baƙo labarin ɗanta na fari da ta binne? Don haka ƙila Gidan Kaya ba su fi ku dacewa ba, shirunsu ne ya fi naku.

Akwai kuma abin da ɗakin naka da kansa ya jawo. Matan garuruwan kewaye ba sa zuwa Tunga sai naƙuda ta ƙi. Wadda ta haihu lafiya a gidanta ba mu gan ta ba, wadda aka kawo a kan amalanke bayan ta wahala ita muka gani. Sai aka ɗora wa Tunga rashin wasu garuruwa ba tare da an ɗora mata haihuwarsu ba. Haka 'yan matan Tunga da ke aure a wasu wurare, tun da aka yi ɗakin duk gida suke dawowa goyon ciki. Haihuwar fari kuwa a ko'ina ta fi haɗari. Dole a gwada ta fari da ta fari, ba a haɗa su da ta biyar ba.

Za mu sake aikin. Wannan karon mata ne za su shiga har ɗaki, matan aure masu shekaru, kuma ba za su tambayi 'ya'ya nawa ba. Za su ce, "Ba mu labarin kowane ciki da kika ɗauka cikin shekara biyar, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya ƙare." Tambaya iri ɗaya a Tunga, a Gidan Kaya, da wata unguwa a cikin birni. Kuma kowace mace za a lissafa ta a garin da take zaune, ba inda ta haihu ba. Abokiyar aikina Nuriyya za ta jagorance su, ni jarrabawa ta riƙe ni. Ina roƙon ka yi mata iso wajen maigari.

Ban ce sabon lissafin zai wanke ɗakin ba, Baffa. Ban sani ba tukuna, shi ya sa ake aunawa. Abin da nake roƙo, kada ka ɗauki wani mataki a kan wannan tsohon lissafi. Na san zuciyarka.

Batun "ƙauye na ɗaya" kuwa, ƙa'idar aikinmu ce, ba ma rubuta sunan mutum ko gari, don kada a ci mutuncin kowa. Ka ga ma duk da haka abin da ya faru.

A riƙa auna jinin Wasila a kai a kai. Ka rubuto mini abin da Malama ta ce.

Ɗiyarka,
Khaula


Minanata
Gero ya kai gwiwa

Ɗiyata Khaula,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, ƙafa ta yi sauƙi. Ruwa kam sai godiya, bana sama ta buɗe.

Takardarki ta zo, na karanta ta sau uku kamar yadda nac ce. Batun tiya da kwano ya shige ni. Ni da ban taɓa barin a auna mini kaya da mudun wani ba! Na tafi majalisa na tarad da Zulkifilu, nac ce, "Kai da ba ka san bambancin haihuwar fari da ta biyar ba, ka tsaya ga facin taya." Yac ce, "Alhaji an yi digiri ta hannun direba." Ban kula shi ba.

Na kai Nuriyya wurin maigari da kaina. Yarinyar ga tana da taurin kai irin naki. Da sunka gama yini na farko na tare ta nac ce, "To, nawa munka samu?" Tac ce, "Alhaji, ko Khaula ba ta gani ba tukuna." Nac ce, "Ni na gina ɗakin." Tac ce, "Allah shi saka da alheri." Ta wuce abinta. Abin da na lura kurum, in sun shiga gida suna daɗewa, kuma in sun fito idanunsu ja. Innarki ta raka su gida biyu a Tunga, ta dawo ta ƙi cin tuwo. Wai ita da an tambaye ta da ta ba da nata labarin. Nac ce ke ba ki cikin shekara biyar ɗin, ki ci abincinki. Maganar mata ce.

Tunda kin ce kada in ɗauki wani mataki, ban ɗauka ba. Ƙanwarki na nan Tunga inda take. Na ma ji daɗi da kinka faɗi haka, don Malama Sadiyatu ta so ta rikita ni. Ranar Juma'a da na je ta ja ni gefe tac ce, "Alhaji, jinin yarinyar nan yana hawa. A kai ta birni tun hanya na biyuwa."

Nac ce, "Malama, surutun mutane ne ya tsorata ki. Kina gudun a ce a hannunki wani abu ya faru."

Tac ce, "Ni ba surutu na auna ba, hannunta na auna."

Nac ce, "Ɗiyata mai karatun abin ga ta rubuto daga Ibadan, tac ce kowa ya tsaya inda yake."

Tac ce to za ta ci gaba da ba ta ƙwaya.

Na leƙa yarinyar. Ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga, zoben hannunta ma sai da anka sa sabulu. Tana cewa kanta na sara. Amma wace mai ciki ce ba ta kumburi? Tsofaffin gidan sun ce alamar namiji ne. Ta yi mini dariya ma, tac ce, "Baba, ka zo duba ɗakinka ko ka zo duba ni?"

Ba zan ɓoye miki ba, da na kamo hanyar dawowa na tarar ruwan fadama ya fara hawa hanya bayan Kwalkwalawa, har ya taɓa ƙasan mota. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Ki hanzarta da lissafin ga, ki gaya mini ɗakina ba shi da laifi, in samu in ci tuwo.

Baffanki,
Maigandi


Minanata

Khaula,

Ina gaishe ki. Lafiya dai? Mu muna nan.

Mota biyu sun tafi sun dawo ban ga amsarki ba. Nuriyya ta gama aikinta ta tafi tun tuni. Shirun ga na mi ne? In lissafin ya fito ya kama ni, ki faɗa mini kai tsaye, ba yau na fara jin magana mai ɗaci ba. Na ga kiranki a waya har sau da dama, ban ɗauka ba, kuma ba zan ɗauka ba. Wanda ke da labari mai daɗi rubutawa yake. Mai son lallashi shi ke kira.

Hanyar Tunga ta yanke, sai kwalekwale. Wayar innarki ba ta shiga sai ta hau tudun makaranta. Jiya Sirajo ya zo ya durƙusa a zaurena, yana ta murza hula, wai in yi haƙuri a dawo da matarsa birni, ko gidan iyayensa a unguwar Hubbare. Nac ce da shi tunda anka fara goyon ciki a ƙasar ga ban taɓa jin miji ya zo karɓar mata ba ta haihu ba. Ya tashi yana share ido. Yaron kirki ne, ban ji daɗin abin da na yi masa ba.

Na miƙe a sallar azahar yau na manta raka'a nawa na yi. Ki rubuto.

Maigandi


Ibadan

Baffa,

Ina gaishe ka. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa. Wannan takardar ba za ta jira mota ba, hotonta na tura wa Sirajo a waya, na ce ya tsaya a gabanka har ka gama karantawa.

Takardunka biyu yau da safe suka iso tare. Motar da ta ɗauko ta farkon ta lalace a Kwantagora, takardar na cikin aljihun direba. Ban yi shiru ba, ban san abin da ke ciki ba ne. Kiran da nake yi ma don in tambayi jikin Wasila ne.

Baffa, ban taɓa cewa a bar Wasila a Tunga ba. Cewa na yi kada ka ɗauki mataki a kan lissafi, wato kada ka rufe ɗakin ko ka sallami Malama cikin fushi. Laifina ne da ban fayyace ba. Kumburi da ciwon kai da hawan jini ga mai cikin fari ba alamar namiji ba ne. Shi ne ke kawo jijjiga, yana ɗauke uwa da ɗa. Abin da Malama Sadiyatu ta gaya maka shi ne daidai. A fito da ita yau.

Ga lissafin da kake jira, jiya muka kammala. Da aka yi tambaya iri ɗaya, aka mayar da kowace mace garinta, Tunga ta koma ɗaya cikin ashirin. Gidan Kaya ta tashi daga ɗaya cikin talatin zuwa ɗaya cikin goma sha takwas, domin matan sun faɗi waɗanda ba su kai suna ba. Tazarar da ke tsakaninku ƙarama ce, kuma haihuwar ba ta da yawan da zan rantse cewa ɗaya ta fi ɗaya. Ɗakinka ba ya kashe jarirai. Ban kuma iya ce maka ya rage mutuwarsu sosai ba tukuna.

Babbar tazarar ba tsakanin ƙauyukan biyu take ba. Tsakanin ku duka ne da birni. A unguwar da muka auna a birni, rashin bai wuce rabin naku ba. Da muka ware haihuwar fari, muka kuma ware watannin da ruwa ke yanke hanya, nan abin ya taru. A rani matan fari na Tunga sun kusa kamo na birni, domin Malama na ganin matsala ta tura su asibiti su isa. A damina tana gani, tana turawa, babu hanya. Na maimaita lissafin ta kowace fuska ina fatan ya canza, bai canza ba.

Mai cikin fari, a hayin ruwa, a tsakiyar damina. Baffa, layin da ya fi kowane muni a takardata, Wasila ce a zaune a kansa.

Na san alkawarin da ka yi a gaban mutane. Ka gina ɗakin don mata su rayu, kuma aikin ɗakin ne ya ce wannan ta fi ƙarfina, a wuce da ita. Ya faɗa. Don Allah ka ji.

Ka ɗauki wayata.

Khaula


Asibiti, Sakkwato

Ɗiyata Khaula,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki barka. Mun yi magana a waya, amma abin da zan faɗa yanzu na takarda ne. A bisa benci nake rubutu, ki yi haƙuri da hannun.

Ƙanwarki ta farfaɗo sosai, yau har ta sha kunu ta nemi a ƙara. Yaron na cikin kwalba. Ɗan mitsitsi ne, tafin ƙafarsa bai kai babban yatsana ba. Likita yac ce a yi ta addu'a, ba zai yi mini alkawari ba. Ta gilashi ake barina in gan shi. Ina tsayawa ina kallon ƙirjinsa na tashi yana sauka har sai mai jinya ta ce, "Alhaji, ka ba wasu wuri."

Ban ba ki labarin ƙetarowar ba. Da na gama karanta takardarki a wayar Sirajo, makullin mota na ɗauka. Munka bar mota a bakin ruwa, munka shiga kwalekwale. Da la'asar munka fito da ita daga gida a kan katifa, ta riga ta fara cewa tana ganin wuta-wuta a idonta. Duk Tunga ta fito. Kowa na kallo. Wata tsohuwa ce daga baya tac ce, "To, mai ɗaki ya ɗauke tashi."

Na tsaya. Nac ce, "Na ɗauke ta, Inna. Malama ce tac ce a ɗauke ta, kuma da na ji tun farko da ba a kan katifa za ta fita ba. Duk wadda Malama tac ce a wuce da ita, a wuce da ita, ko ɗiyar wa ce." Malama Sadiyatu ta shigo jirgin da allurarta a hannu. A tsakiyar ruwa jijjigar ta taso. Ba zan rubuta miki abin da na gani ba. Muna isa anka shiga da ita tiyata.

Na yi magana da masu ƙera jirgi. Zan sa mai inji a bakin Tunga, mota kuma a wanga hayi, duk damina, na Tunga da na Gidan Kaya duka. Ban nemi kowa ya taya ni ba. In an shekara biyu ki dawo da matan nan naki ku sake aunawa da mudu ɗaya, in ga ko tazarar ta ragu. In ba ta ragu ba ki gaya mini.

Saura magana ɗaya. Jiya muna zaune a bencin ga ni da innarki, tac ce, "Alhaji, ka tuna?" Nac ce na tuna. Kowa na ɗauka ƙanwarki ce ta fari a gidana, har ni na saba da hakan. Ba ita ba ce. Akwai namiji kafin ita, a Tunga anka haife shi, cikin damina irin wagga, ina dako a Kara. Ranar da ruwa ya bar ni na ƙetara na tarar an rufe shi. Bai kai suna ba. Ko mahaifinki bai sake tayar da maganar ba, mu ma haka. Da samarinki sun tsaya a zaurena sun ce 'ya'ya nawa, shida zan ce musu, in rantse. Bakwai ne.

Na san kin ce shekara biyar kurum kuke lissafi, shi kuwa ya haura ashirin. Ki sa shi ko a gefen takarda ne. Wanga na cikin kwalba ma ki lissafa shi tun yau, kada ki jira ranar suna. Ya kai ko bai kai ba, an haife shi, na gan shi.

Batun ƙa'idarku ta ɓoye suna kuwa, ku ɓoye na matan, wannan daidai ne. Nawa ban yarda ba. Ban yi dakon albasa na gina abin da na gina don a kira ni ƙauye na ɗaya ba. Ki gaya wa malaminki ni na ce. Inda duk za a rubuta ɗakin ga, da abin da ya iya da abin da ya kasa, da jirgin, da yaron can na gefen takarda da ba shi da sunan kansa, a rubuta nawa cikakke a kai: Alhaji Maigandi Lawwali, na Tungar Lawwali, mazaunin Minanata. Ki turo mini shafin ta hannun Auwalu in gani da idona.

Baffanki,
Alhaji Maigandi Lawwali